Ɗigon Safiya a Oulu

Injin gahawar da Tuovi ta saya
shekarar da aka haifi autarsu
ya yi tari sau biyu ranar Laraba,
ya yi shiru.
Shekara ashirin da shida yana ɗiga.

Aulis ya ja hula har kunne,
ya taka dusar ƙanƙara zuwa kantin bakin gada.
Ƙarfe goma, gari bai gama wayewa ba.

Venla mai jiran kanti ta jera masa su:
wannan da agogo, yana riga ka tashi;
wancan yana niƙa da kansa,
har da waya yake magana.
Aulis ya ce, "Ba abokin hira nake nema ba."

Ya ɗaga murfi kamar mai duba haƙoran doki,
ya ƙwanƙwasa butar gilashi da farce.
"Ruwan na tafasa, ko ɗumi kawai?
In butar ta fashe, ana samun wata?
Zai dafa kofi biyu kacal bai yi fushi ba?"

"Biyu?"
"Biyu. Hannu ya saba."

Ya ɗauki baƙi mai maɓalli ɗaya, marar ado.
A gida ya naɗe bakin takardar tacewa
yadda takan yi,
cokali huɗu, na biyar rabi.
Ya zauna, rigar sanyi na jikinsa.

Ɗis. Ɗis. Ɗis-ɗis-ɗis.
Sabon akwai gaggawa.
"Za ka koya," in ji shi,
ya tura kofi ɗaya can gefen taga,
inda takan zauna ƙirga tsuntsaye.