Taku Goma Sha Ɗaya

Taku goma sha ɗaya ne tsawon gidanmu
in ƙafata ce ta auna.
Ladidi ta ce ƙarya ne, sha tara ne.
Tanko ya tafi aunawa da rarrafe,
bai dawo da lissafi ba.

Gida ne mai taya huɗu
a gefen gonar tumakin dattijo Ackroyd,
bayan garin Todmorden, inda ruwan sama ba ya sallama.
Teburin cin abinci shi ne gadonmu da dare,
tukunya tana kwana a cikin tukunya.
In na yi atishawa a madafa
maigida daga banɗaki yake yi mini addu'a.

Yayata ta kira daga Gusau:
"Turai kika je don ki shiga akurki?"
Na ce haya ce ta cinye mu a Leeds,
albashi ya shigo da hantsi, kafin azahar ya yi ban kwana.
"To makarantar yaran fa?"
Na juya wayar ta kalli taga:
ga Ladidi cikin taɓo har gwiwa
tana datse kwata da duwatsu.
Na ce, "Ga ta can a aji."
Ta kashe waya.

Gaskiya na tsorata.
In kowa ya yi barci, ruwa na kiɗa a kan kwano,
sai in kwanta ina ƙirga abin da ban koya musu ba.

Sai na rubuta takarda da hannuna,
na manna a allon ɗakin karatu na gari:
Laraba, ƙarfe goma. Ku zo da yara da takalman ruwa.
Babu darasi.
Larabar farko ba wanda ya zo sai wata tunkiya.
Ƙosan mutum goma mu kaɗai muka cinye.

A ta biyu Hodan ta zo da tagwayenta da fulas na shayi.
A ta uku ga Jadwiga da ɗanta Olek, wanda ba ya magana da kowa,
sai Gethin, direban dare,
yana hamma yana ɗaura lilo a reshe.
Gidan bai ɗauke mu ba, muka kafa tamfol.

Na haƙa ramukan dara a jiƙaƙƙiyar ƙasa,
na koya musu langa, suka zube kan juna.
Olek wata guda yana gefe
yana jera tsakuwa daga ƙarama zuwa babba.
Ran nan ya ajiye guda a rami,
ya dubi Ladidi ya ce, "Saura ke."
Da Hausa, yadda ya ji a bakina.
Uwarsa ta juya wajen shinge,
ta daɗe tana neman abin da babu a jakarta.

Ba kullum ake kwana a gado ba.
Mun yi cacar baki kan kuɗin gas,
kan wanda ya bar ƙyauren tumaki a buɗe,
kan ko lokaci ya yi a ɗora musu baƙi.
Gethin ya yi fushi mako biyu, ya dawo da katako.
A Janairu iska ta tafi da tamfol,
Ackroyd ya dawo mana da shi a tarakta.
Har ya juya, sai ya ce da kafaɗa,
rumfar ciyawarsa ba ta da aiki ran Laraba.

Yanzu gida bakwai ne mu.
Rubutun farko da Ladidi ta karanta
a jikin buhun abincin tumaki yake.

Jiya ta sake auna gidan, diddige a bakin yatsa,
ta fito fuska a murtuke.
"Umma, sha bakwai ne. Gidanmu yana tsukewa."

Amsar na bakina, na haɗiye ta.
Na ci gaba da yanka albasa,
na bar ta tsaye a ƙofa
tana kallon ƙafarta.