Sifikar Hagu

Shekara tara sifikar hagu na azumin magana.
Ta dama kaɗai ke riƙe da falon,
har kunnena ya saba, kamar mai ɗingishi da ƙafarsa.
Ran Asabar na ja kabad zan share bayansa,
sai ga waya a gutsure.
Ɓera ya yi kalaci da ita,
ya bar mini kashinsa a madadin rasit.

Babu abin awo a gidan. Na kwance igiyar shanya,
na bi da ita daga bayan rediyon Baba,
ta ƙarƙashin taga, ta saman ƙofa,
har lungun da Talatu ke jingine tabarma.
Na ƙulla inda ta tsaya, na cusa a aljihu,
na tari Keke daga Gyallesu zuwa Sabon Gari.

Barau na zaune cikin wayoyinsa
kamar gizo a tsakiyar saƙa.
Ya ce, "Wacce kake so? Akwai ta gani, akwai ta ji."
Ya jawo wata mai ƙyalli, robarta garai-garai,
ya sa reza ya kankare sili ɗaya,
sai ga fari fat a ƙarƙashin ja.
"Alminiyam ne ya sha kwalliya.
Damina biyu, ya zama gari a hannunka."
Ya miƙo wata, mummuna, mai nauyi.
"Tagulla. Kankare ta har gobe, ja za ka tarar."

Na nuna wata can sama, kaurinta ya kai yatsa,
bakinta da ruwan zinare.
Ya yi dariya har hularsa ta karkace.
"Wannan aljihu ne ke jin bambancinta, ba kunne ba.
Amma kada ka ɗauki siririya don araha.
Sauti ɗan'uwan ruwa ne,
in tafiya da nisa, ƙaramin tiyo ɗigo yake kaiwa."

Muka shimfiɗa igiyar shanya a kan katakonsa:
yadi biyar da rabi.
Ya ce in sayi goma sha ɗaya, in sauya duka biyun,
kada ɗaya ta sa sabuwar riga ɗaya na tsumma.
Na taya, ya ce albarka, na juya, ya kira ni.
Yana naɗewa yana gargaɗi:
"Ja ga ja, baƙi ga baƙi.
Ka juya ɗaya, wannan na turi waccan na ja,
ganga ta rasa cikinta."

Ruwa ya tare ni a gadar Kubanni.
Na isa jiƙe, ba wuta.
Da tocilan a baki na feƙe bakin wayar,
na murɗa silin kamar gashin baki,
na ɗaure, na zauna jira.

Bayan isha'i yaran layi suka yi ihu.
Na sa kaset ɗin da na tsinta a akwatin Baba
bayan sadakar arba'in,
wanda ya rubuta wa "gwaji" da jan biro.
Na haddace shi tuni:
ɗaya, biyu, ɗaya, biyu,
sai shiru mai tsawo,
sai ya ce, "To, na ji."
Shekara da shekaru ina tambayar me ya ji.

Ɗaya, biyu.
Sai daga hagu, daga lungun tabarma,
ƙarar murfin tukunya,
da muryar Inna, sabuwa, ba tari a cikinta:
"Malam, ka bar ƙirgen nan, tuwo zai huce."
Ta yi dariya.
Ashe shirun nan duk nata ne.

Talatu ta leƙo da ludayi a hannu,
ta ce wace ce ta shigo ba sallama.
Na kasa amsawa. Na mayar da kaset baya.

Guntun wayar da ya rage, kamu ɗaya,
da safe na gan shi ɗaure a ƙugun tsintsiya.