Ƙarfin Gwiwa

Shekara goma sha tara ina auna mutane a Agege,
kafaɗa, ƙugu, tsawon hannu,
tef a wuya, alli a bayan kunne.
Yau ni ake aunawa.
Sista Morenike ta ɗora ma'auninta a ƙafata,
ta ce, "Lanƙwasa, Malam Jatau. Ƙara. Ƙara."
Arba'in da biyar. Ta rubuta.
Na ciji wuyan rigata
don kada yaron da ke gadon kusa ya ji babba na kuwwa.

Da farko na ce sanyin ƙashi ne.
Na sha tafarnuwa, na shafa man zafi,
na jiƙa sassaƙen da surukata ta aiko daga Funtuwa.
Ciwon bai ji ba. Da dare yake tashi
kamar ɓera na gurgurar buhu.
A Igbobi suka ɗaga hoton ƙashina ga fitila,
likita ya zagaye wani duhu da biro,
ya kira sunansa a hankali: ciwon daji,
dab da gwiwa.

Sun yanke taƙi guda, sun sa ƙarfe.
Da aka buɗe bandeji na ƙirga ɗinkin,
talatin da biyu, wani ya karkace.
Da yaron shagona ne ya yi shi
da na sa ya warware.
Na yi dariya, dariyar ta koma wani abu,
Tabawa ta juya baya tana gyara kwanon da ba ya son gyarawa.

An ce zanen aro ba ya rufe katara.
To ni da gwiwar aro fa?
Idan hadari ya taso daga teku
ita ke fara sani, kafin kwanon ɗaki.
Matakalar gidanmu sha huɗu ce,
ban taɓa sani ba sai da na koma da sanduna.
Mai lafiya ke fara hawa, in ji Sista,
ta ƙarfe ke fara sauka.
Kwandastan danfo da ba ya jiran kowa
ya jira ni ranar Talata, yana zagin masu hon,
har na gama shigar da ƙafar da ba ta naɗuwa.

Kullum bayan asuba,
leda a ƙarƙashin diddige, tsohon rawani a tafin ƙafa,
ina ja, tana ƙi, ina ja.
Sittin. Sittin da biyu.
Mako uku cur a sittin da biyu.
Can ne gwiwata ta yi sanyi, wadda ba a gani,
na jefar da rawanin bayan akwati.
Tabawa ta ɗauko, ta wanke, ta goge,
ta ajiye kan matashina ba ta ce uffan ba.
Shirun nan ya fi faɗa cizawa.

Masallaci kuwa, kujerar roba a ƙarshen sahu.
Goshina na kewar tabarma.
Liman ya ce Allah na karɓar nuni,
na sani, amma goshi ba ya jin fatawa.

Jiya casa'in. Sista ta buga tebur,
ta ce wani abu da Yarbanci, na gane shi ba tafinta.
Na zauna gaban keken ɗinki, na share ƙura,
na taka.
Ya yi gardama, ya yi tari, sannan ya tuna ni.

Aikin farko wandon yaron nan ne, Chidubem,
shi ba a iya ceton tasa ba.
Uwarsa ta ce in gajarta ƙafa ɗaya.
Ban yanke ba. Na naɗe, na sa maɓalli,
ranar da aka ba shi ta roba sai ya kwance.

Wata uku-uku za su riƙa duba ƙirjina,
ko baƙon ya bar ɗa a baya.
Ban sani ba. Sallah saura mako biyar,
yadin mutane ya taru,
zare na kuma neman ƙarewa.