Shafi na Goma Sha Bakwai

Ni ce na buga rahoton.
Kwamiti ya yi zama tara a bene na uku,
an sha shayi, an ci cincin, an watse,
aka bar ni da tarin takardu da rubutun Farfesa
mai kama da sawun kaza a yashin Kubanni.

Bitar haƙƙoƙin ma'aikata da inganta jin daɗinsu.
Sunan da aka raɗa masa ke nan, ba rago, ba goro.
Na goge tabarau da bakin mayafi,
na ce bismillah.

Shafi na huɗu, kuɗin mota.
Lissafin da suka tarar tun na zamanin
da ake hawa bas daga Samaru zuwa Kwangila
har yaron mota ya bi ka da canji.
Malam Barau na ɗakin gwaje-gwaje
daga Bomo yake takowa bayan asuba.
Takalminsa ya fi kwamiti sanin tsawon hanyar.

Shafi na bakwai, gidaje.
Wannan ko ba a rubuta ba na haddace:
in damina ta sauka a kwatas ɗinmu
bokiti uku, tukunya ɗaya,
kowanne da muryarsa har gari ya waye.

Shafi na tara, asibiti.
Nan yatsuna suka tsaya.
Na tuna Ladidi mai shara, ranar da aka kai ta Shika.
Kati ya biya ganin likita,
maganin kuwa aka ce a nemo a waje.
Muka zagaya ofis-ofis da ambulan,
mai ɗari biyar, mai dubu,
wani ya ce a yi masa haƙuri sai wata ya mutu.
Ta riga watan.
A rahoto an ce, an lura da giɓi.
Na buga giɓi. Harafi huɗu ne, bai ɗau lokaci ba.

Sai shafi na goma sha bakwai.
Za a ƙara kuɗin magani, madalla,
za a biya mai ritaya haƙƙinsa cikin kwana casa'in,
na ce amin, don saura mini wata bakwai.
Amma can ƙasa, da ƙaramin rubutu:
daga mataki na shida zuwa sama.

Shekara talatin da ɗaya ina bugawa,
ban taɓa tambayar takarda ina za ta ba.
Ran nan na ɗauki shafin, na hau bene,
gwiwa na ƙara, zuciya na dukan uku-uku.

Ya ɗago kai. Asabe, rubutun ne bai fito ba?
Na ce, ya fito, ranka ya daɗe.
Sai dai na ƙasa da shida su ma suna zazzaɓi.

Ya daɗe yana kallon layin
kamar bai san mai shi ba.
Fanka na juyawa. A waje ɗalibai na dariya.
Can ya zare biro daga aljihun gaba,
ya ja layi ɗaya, ya rubuta dukkan ma'aikata,
ya ce, majalisa ce da wuƙa da nama, kin sani.

Na sani.
A ɗakin ajiya akwai yayyensa huɗu masu koren bango,
gara kaɗai ke bitarsu, shafi-shafi, ba ta tsallake.
Wataƙila wannan ma can zai kwana.

Duk da haka na sauko, na zauna,
na buga kalmomin nan biyu a hankali
kamar mai dasa barkono.
Na adana. Na sake adanawa.
Sannan aka ɗauke wuta.