Sifana Mai Lamba Sha Uku

Aikina duban ƙasa ne
a wurin da kowa ke duban sama.
Kafin rana ta taɓa kan dutsen Tingilin
na riga na taka titin jirgin Garwa daga kai zuwa gindi,
buhu a kafaɗa, kamar mai kalar gyaɗa.
Ƙusa, tsakuwa, marfin kwalba, guntun waya,
fiffiken balbelar da ta yi gardama da ƙarfe.
Abin da yaro zai shura ya wuce,
shi inji ke haɗiyewa ya amayo wuta.

An ce ƙa'idar nan a garin ƙanƙara aka rubuta ta,
da harsunan da kakana bai taɓa ji ba.
To, amma tsayin ciyawar da ta ce a bari,
da tafin hannuna nake auna shi.
Ɓular da akuyar Malam Jatau ta gano a shinge,
ni na ɗinke ta, har sau uku.

Wata Laraba, bazara ta dafa kwalta,
na gyara fitila ta arba'in da biyu a gefen titi,
na dawo rumfa, na zube kayan aiki ina ƙirgawa.
Sha ɗaya.
Na share gumi, na sake.
Sha ɗaya, alhali sha biyu na fita da su.

Jirgin Yawunde saura minti tara.
Zuciya ta matso kusa, ta rage murya:
Nomau, titi faɗi gare shi, taya nawa take?
Wa ya gan ka?
Tuna kuɗin haya a Rumde Ajiya,
tuna bakuna huɗu da ke jiran tukunya.

Mutane kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa.
Ni na san ranar, na riƙe ta a hannuna da hantsi,
ƙarfe ce, da lamba a wuyanta.

Na danna oba-oba, harshena kamar busasshen ƙirgi.
Hasumiya, hasumiya, akwai ƙarfe a titi.
Dijatu ba ta tambayi na wane ne ba.
Na ji ta juya harshe, ta yi wa sama magana
a sanyaye, kamar mai hana yaro taɓa garwashi.
Jirgi ya ɗaga hanci, ya tafi zagayen Binuwai,
masunta na kallo, dorina ko a jikinta.

Ga ta nan kwance a kan farin layi,
ta sha rana har ta ƙona mini yatsu.

Da magariba na cike takarda.
Inda aka ce sanadi, na sa sunana,
na zauna jiran sallama.
Washegari shugaba Hamajoda ya zo da katako da fenti.
Bai ɗaga murya ba, ya dai ce:
mutum ya manta jiya, wani zai manta gobe,
bari mu ba bango ido.
Muka zana inuwar kowane ƙarfe a jikin allo,
guduma da inuwarta, filaya da tata,
duk wanda bai kwana gida ba, inuwarsa za ta kai ƙara.

Mutum tamanin da wani abu suka sauka ranar nan.
Wata tsohuwa da ƙullin magani daga asibitin kudu,
wani dillalin auduga yana duban agogo,
yana tsaki a kan minti goma sha ɗaya da aka ci masa.
Ya wuce ta gabana, kafaɗarsa ta gogi tawa,
bai san ni ba.

Na so hakan.
Tsakinsa na ɗauka na kai gida,
na ci tuwo da shi, na yi barci.