Lissafi a Bayan Ambulan

Shekara talatin da ɗaya na yi a ramin kwal na Rybnik,
in sauka rana ba ta fito ba,
in hau ta riga ta faɗi.
Abin da na haƙo shi ya dafa mana miya,
shi ya busar da safar yara a kan bututu,
shi ne kuma, in ji likita,
ya tare a ƙirjin jikata Jagoda
yana busa usur cikin dare.

Sai ga wani yaro mai tsabtar takalmi
ya sauko ɗakin ƙasa, ya dubi murhuna
kamar mai duban ruɓaɓɓen haƙori.
Ya ce akwai inji, bai fi akwatin kaya ba,
a jingine shi a bayan gida
ya riƙa tatso ɗumi daga iskar Janairu.
Na ce, yaro, yaushe aka fara tatsar sa?
Ya yi dariya, ya buɗe takarda.

Zloti dubu arba'in da biyar.
Gwamnati za ta mayar da rabi,
amma sai ka fara biya,
ka cika takardu, ka zauna jira.
Kuma kafin inji, bango na son bargo,
tagogi shida na son canji,
in ba haka ba, tsuntsayen waje za ka ɗumama.
Ashe ba rijiyar ce kaɗai da tsada ba,
har da guga, har da igiya.

Truda ta juya ambulan ɗin kuɗin wuta,
ta ɗauki guntun fensir.
Fansho a sama, magani a ƙasa.
Abin da ya saura bai rufe tafin hannu ba.
Ta ce, cikin shekara sha huɗu zai biya kansa.
Na ce, ina da saba'in da uku.
Ba ta ɗago kai ba.
Ta ce, Jagoda na da bakwai.

Muka sayar da mota. Muka ci bashin banki.
Farantan sola muka ce sai wani jiƙon,
dama rana a nan, in sanyi ya kankama,
baƙuwa ce mai gaisuwa daga bakin ƙofa.

Yanzu injin na gurnani a gindin taga
kamar mage ta ƙoshi.
Ɗuminsa ba ya gasa gwiwa, ba ja, ba ƙauri,
ɗumi ne mai kunya, sai ka zauna yake matsowa.
Daren da sanyi ya kai sha takwas ƙasa da sifili
na tsaya gaban mita da tocila
ina kallon lambobi suna tsere.
Takardar Fabrairu, Truda ta fara karanta ta a tsaye,
ta ƙarasa a zaune.
Ta Afrilu ce ta ɗan share mana hawaye.

Har yau ƙarfe biyar nake farkawa,
hannuna na lalubar shebur.
In sauka: ba toka, ba abin hurawa.
Inda tulin kwal yake a da,
kwalaben jiƙaƙƙiyar kokwamba ne a jere.
Sai in tsaya
kamar wanda aka sallama daga aiki sau biyu.

Ran Asabar Jagoda ta kwana a nan.
Na kasa kunne a ƙofa.
Numfashi ne kawai, mai shiga, mai fita.

Amma Zygmunt, maƙwabcina, ba shi da motar sayarwa.
Jiya tsohuwar ƙofa ya faskare,
shekaranjiya na ji warin takalmi.
Hayaƙinsa bai san shinge ba,
yakan tsallako ya kwanta kan dusar ƙanƙararmu,
farar da muka saya da bashi.

Akwai buhu huɗu da na ɓoye a rumfa
don ranar da za a ɗauke wuta.
Ɗazu na loda uku a baro,
na tura masa ta ƙofar baya.
Kwal dai ya fi takalmi.
Na dawo na ja tagar ɗakin Jagoda,
na danna sakata.
Truda ta ga baƙin da ke hannuna,
ta miƙo sabulu, ba ta tambaya ba.