Buhu Arba'in da Ɗaya

A Kwangila, bayan isha'i,
muna loda masara a tsohuwar rokar Ɗan'asabe.
Ashirin daga masallacin Tudun Jukun,
ashirin daga cocin Wusasa,
ɗaya kuma ba a san mai shi ba.

Rediyo ya ce mutanen can maƙiya ne.
Shekara uku iyaka a garƙame,
manyanmu da nasu ba sa ga-maciji.
Amma ruwa ya ci gonakinsu bana,
ruwa kuwa ba ya nuna fasfo.

Rifkatu ke riƙe da littafin lissafi,
Malam Tanimu na ɗinke buhu da basilla.
Sun yi musu kan mudu biyu na wake
har ta ce, "Malam, tabarau ɗinka ya tsufa."
Ya sake awo. Ita ce da gaskiya.

Yaro ya kawo fenti zai rubuta
wanne na masallaci, wanne na coci.
Malam ya ce, "Bari, ɗana,
tuwo in ya sauka ciki
ba ya faɗin wa ya yi masa addu'a."

Ƙanen Rifkatu soja ne,
a bakin iyakar nan aka harbe shi.
Ban ji ta ambata ba.

Sai da mota ta tashi da asuba
ta share ido da gefen zane,
na ga gefen a yage yake.
Da irinsa aka ɗaure bakin
buhu na arba'in da ɗaya.